Shekarar da Inna Ta Zuba Harawa a Ramina

Ranar sunan jikata, 'yar Sadiya, ina zaune a falo, ƙafata a kan matashi saboda kumburin nan, sai na ji ɗana Kabiru a waje yana cika wa abokansa baki. Wai babansa ne ya fara binne wa shanu abinci a duk yankin Karshi, wai da iliminsa ya ceci garken kakansu. Na so in ɗaga murya in ce masa ƙarya ce, sai na tuna ni na raini ƙaryar da shiruna, shekara da shekaru. To, yau zan gyara. 'Ya'yana, ku karanta wannan a tsanake, musamman kai Kabiru, tunda kai ne mai bakin.

Ni ɗan fari ne, kun sani. Abin da ba ku sani ba shi ne nauyin wannan a rugarmu. Inna, mahaifiyata, ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta kallona ido cikin ido, ba ta miƙo mini abinci da hannunta, sai dai ta ajiye a ƙasa ko ta ba wani ya kawo. Kunyar ɗan fari ke nan, kuma ba ƙiyayya ba ce, ko da yake sai da na yi furfura kafin zuciyata ta yarda da haka. Ana yaye ni aka ba kawuna na birni, shi ya sa ni makaranta, har na zama ma'aikaci a Abuja, a sashen da ke kula da dabbobi. Kada ku ɗauka likita ne ni. Takardu nake turawa daga wannan tebur zuwa wancan. In Inna tana son gaya mini magana, sai ta juya ta gaya wa ƙwarya, ko ƙanena Buba, ko iska, ni kuwa ina tsaye a gabanta kamar turke. Sunana a bakinta shi ne "mutumin ofis".

A shekarar da nake ba ku labari, birni ya riga ya cinye burtalin da shanunmu ke bi. Inda muke ratsawa zuwa fadama an ja katanga, an kafa allo, gidaje masu jan rufi sun fara tsirowa. Kowane rani Buba kan kora garken kudu ya dawo da ruwan farko, amma a wannan karon ya ce in ya tafi ya tafi ke nan, don ba sauran hanyar kai da komo. Surukansa sun sami wuri can nesa, zai je ya zauna kusa da su. Matsalar ita ce Baffa, mahaifinmu. Gwiwoyinsa sun ƙare, daga bukka zuwa turken shanu ma sai ya huta sau biyu. Ba zai iya wannan tafiya ba. Sai aka yanke cewa shanu su bi Buba, Baffa da Inna kuma su dawo gidana na Lugbe. Ni da wautata har na je ina yi masa albishir cewa ɗakin yana da fanka da banɗaki a ciki.

Baffa ya daɗe yana kallon shanunsa, sannan ya ce, "Da safe in na tashi wa zan gaisar? Mota?"

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

"Ranar da shanun nan suka juya mini baya," in ji shi, "ku auna mini likkafani. Ba fushi nake ba, gaya muku nake yi."

Na koma gida da wannan magana tana cin raina. Na san Baffa, ba ya faɗin abin da ba haka ba. A ofis kuwa akwai wata 'yar ƙasida da ta daɗe a cikin durowata, mai hoton rami da leda. Tana bayanin yadda ake sare karan masara tun yana ɗanye, a daddatsa, a danna a rami, a rufe kada iska ta shiga, ya tsima a can ciki, a buɗe da rani a ba dabbobi. Sailej suke ce masa. Manoman da ke kewaye da rugarmu kuwa masarar gashi suke nomawa, su karye ta ɗanya su kai bakin titi, su bar karan kore shar a gona. Na ce to ga abinci nan yana lalacewa a banza. Na ɗauki hutu na tafi ruga da ƙasidata a aljihu, ina jin kaina kamar wanda ya zo da wahayi.

Buba ya saurare ni har na gama, yana jingine da sandarsa. Hamma yake ce mini, wato yaya. "Hamma, abin da aka binne ai ya mutu. Saniya ba kura ba ce."

Muka yi ta ja-in-ja har rana ta karkata. A ƙarshe, don darajar Baffa, ya ce ya ba ni rani ɗaya. In shanun suka riƙe jikinsu har ruwa ya sauka, zai zauna. In suka fara zubewa, ba zai tsaya ya ga gawarsu ba, zai kora su ya tafi, kuma kada wanda ya tare shi.

Muka haƙa ramuka biyu a tudu, inda ruwa ba ya kwanciya, kowanne tsayin mutum a kwance sau uku. Muka yi ta jidar kara daga gonakin maƙwabta, muna daddatsawa da adda, gutsi-gutsi kamar yatsa. A zuba, a hau a tattake, a ƙara zubawa. Hannuna da ya saba da biro ya yi kanta, ya fashe, ya sake yi. Ramin farko muka cika shi da kara zalla, muka shimfiɗa leda, muka bi da ƙasa, komai yadda ƙasida ta ce, ko waƙafi ban tsallake ba. Rami na biyu muna rabinsa ranar Juma'a ta zo, sai muka bar tulin yankakken kara a bakinsa, muka yi wanka muka tafi masallaci cikin Karshi.

Yanzu sai in gaya muku wani abu game da Inna. Tana da 'yar gonar wake a bayan ruga. Kowace kaka in ta tsince waken, sai ta tuge ganyen da jijiyoyin, ta shanya, ta ɗaure dami-dami, a ɗora mata a kan bishiya. Wannan harawar ita ce dukiyarta. Da ita take kiwata raguna biyu duk shekara, kuma ko Baffa bai isa ya zari tsinke ɗaya ba. Jajibirin wannan Juma'ar ta tuge ta, ta kwana ɗaya a shanye, ta yi yaushi amma ba ta bushe ba.

Muna dawowa daga masallaci na hango mata biyu a cikin ramina suna tattaki, Inna da matar Buba, zannuwa a ɗaure sama da gwiwa. Ramin ya cika taf. Na leƙa, na ga kore mai duhu a tsakanin karan. Na cusa hannu na damƙo. Harawa! Sun daddatsa ta duka, sun zuba kara, sun zuba harawa, sun sake zuba kara, hawa-hawa har sama, yadda ko aljani ba zai iya raba su ba. Ni kuwa na san yadda ɗanyar harawa take in an tara ta da danshi: baƙi take yi, ta yi yauƙi, ta yi ɗoyi. Kuma ƙasidata ba ta ce a sa wake ba. A wurin ma'aikaci irina, abin da ba ya cikin takarda babu shi a duniya. Na ga rabin abincin rani ya tafi, na ga Baffa a ɗaki mai fanka. Kaina ya yi zafi.

"Wa ya sa ki?" na daka wa Inna tsawa. "Wa ya tambaye ki? Kin san abin da kika lalata? Wallahi jahilci ne zai kashe mu a gidan nan!"

Kun ji abin da ubanku ya gaya wa uwarsa. Na rubuta shi yadda na faɗe shi, ban rage ba. Matar Buba ta fice daga ramin da gudu. Na ga hannun Buba ya matse sandarsa, kuma da ya sauke mini ita a ka da bai yi laifi ba. Baffa ya kawar da fuska. Inna kuwa ta fito a hankali, ta kakkaɓe ƙafafunta, ta ɗauki addarta, ta yi wa addar magana.

"A tambayi mutumin ofis, a gidansa gaya ake ba baƙo? Kara tuwo ne. Tuwo ba miya yana cika ciki, amma ba ya zama a jiki. Tun ina budurwa nake bin shanu cikin gona bayan girbi. Ban taɓa ganin saniyar da ta tsaya kan kara shi kaɗai ba in akwai wake kusa. Ta ɗan ci nan, ta ɗan ci can. Ita ba ta yi makaranta ba."

Ta shige bukka. Ba sauran kara a gonaki da za a sake, don haka muka rufe ramin a haka, ina rufewa ina ƙunƙuni. A raina na riga na yi masa salla. Na koma Lugbe ban yi mata sallama ba. Wata huɗu ina zuwa ruga ina gaishe ta daga nesa, tana amsa wa ƙofa. A shekarar ba ta yi kiwon rago ba, ta sayar da su tun suna ƙanana, don ba abin da za ta ba su. Na gani, na yi kamar ban gani ba.

Da rani ya tsaya sosai, ciyawa ta ƙone, muka buɗe ramin farko. Kara ya fito da ɗan tsami-tsami, ruwan ɗorawa, bai ruɓe ba. Shanu suka sunsuna suka ja da baya, kwana biyu suna yanga, a na uku yunwa ta koya musu hankali. Zo ku ga ubanku! Ina yawo ina hura hanci, ina yi wa Buba bayani da Turanci. Amma bayan 'yan makonni abin ya fara bayyana. Suna ci, cikinsu yana cika, amma haƙarƙari yana fitowa. Tozo ya fara kwanciya. Nonon da ake tatsa ya ragu har ya zama in an ba maruƙa ba sauran na fura. Wule, tsohuwar saniyar Baffa, wadda kakar kakarta ce aka ba shi ranar sunansa, in ta kwanta sai an kama wutsiya an taimaka mata ta tashi. Ramin farko kuma ya kusa ƙarewa.

Buba ya same ni a bakin ramin. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Hamma, ka yi ƙoƙari. Amma ka gani da idonka. Ranar Asabar zan kama hanya, tun suna iya tafiya."

Na ce to. Na aika gida a share ɗaki, uwarku har ta sa sabon labule. Baffa ya daina cin abinci sosai. Yakan sa a kai shi gindin turken Wule da hantsi, ya zauna yana shafa wuyanta. Rami na biyu kuwa ban ko kalli inda yake ba. Gaskiya ba ruɓewarsa kaɗai nake tsoro ba. Ina tsoron a buɗe a gaban kowa, wari ya tashi, a tuna abin da na faɗa a kansa.

Ranar Alhamis ina ɗaure kayan Baffa a bayan mota, Inna ta zo wucewa da ƙwarya a hannu. Ta tsaya, ta dubi cikin ƙwaryar.

"A gaya wa mutumin ofis ya buɗe ɗaya ramin. In ya ruɓe, taki ne, a kai gonata."

Muka ɗauki shebur ni da Buba. Muka kwashe ƙasa, na kama bakin ledar, na kawar da kai ina jiran ɗoyi, na ɗaga.

'Ya'yana, na yi aikin hajji, na shiga jirgin sama, na ga teku. Amma ban taɓa tsayawa a gaban wani abu jikina ya mutu kamar ranar nan ba. Ƙamshi ne ya bugo mu, mai ɗan tsami da ɗan zaƙi, kamar sabon kindirmo da aka jiƙa tsamiya a kusa da shi. Ga duniya duk ta bushe, ƙasa ta tsage, ko ganye ɗaya kore babu daga nan har gindin dutse. Amma a cikin ramin nan damina tana kwance. Na ɗauko ganyen wake ɗaya na ɗaga shi a rana. Yana nan da siffarsa, da jijiyoyinsa, da laushinsa, wata biyar a ƙarƙashin ƙasa, cikin duhu, ba ruwa ba iska. Ba baƙi, ba yauƙi, ba tsutsa. Bakina ya kama salati ba tare da na sa shi ba. Buba, wanda ya ce abin da aka binne ya mutu, ya durƙusa ya cusa hannu har gwiwar hannu, ya ɗebo, ya sunsuna, ya ma ɗanɗana.

"Ikon Allah," yake ta cewa. "Hamma, ikon Allah."

Ba mu kira shanu ba, iska ce ta kai musu labari. Wule da ake ɗagawa da wutsiya ta yunƙura ta tashi da kanta, tana jan igiya har turken yana girgiza. Da aka zuba mata ba ta yi yangar kwana biyu ba. Ta sa kai, ba ta ɗago ba sai da ta lashe ƙasa. Baffa yana kallo. Buba ya dubi shanun, ya dubi mahaifinsa, ya ce ya ɗaga tafiyar zuwa kwana goma, ya ga abin da Allah zai yi.

Na ƙi komawa aiki, na aika cewa ba ni da lafiya. Kowace safiya ina tsaye wurin tatsa. Baffa ne ya fara ganewa, kuma ba daga nono ba. Ya sa sandarsa ya tona kashin Wule, ya ce ya yi laushi, ya daina fitowa da tsinke-tsinke, cikinta ya fara aiki. Sai gashinsu ya fara kwanciya. Sai wata safiya na ji ƙarar tatsa ta sauya. Da can in nono ya faɗa ƙwarya ƙwal-ƙwal yake yi, ɗigo-ɗigo. Ranar nan na ji shaa, shaa, har kumfa ta taso. Wani maraƙi da ya yi wata bai yi tsalle ba ya ɗaga wutsiya ya zagaye garke da gudu, ba abin da ya kore shi. Kwana goma suka cika, ba wanda ya ta da maganar tafiya. Buba da kansa ya kwance kayan Baffa daga motata ya mai da su bukka. Ramin ya kai mu har hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Da na koma ofis na ɗebi kaɗan a leda na kai wa wata masaniyar abincin dabbobi da ke hawa na sama, Dakta muke ce mata, mutuniyar kudu ce mai Hausar kasuwa. Ta sunsuna, ta murza, ta gyara tabarau.

"Oga, wannan ya yi kyau sosai. Kara yana da zaƙi, shi ne yana tsima, yana hana ruɓa. Amma ba shi da abin gina jiki. Wake tana da abin gina jiki, amma in ka binne shi kaɗai, zai lalace. In ka haɗa, kara kashi biyu ko uku, wake ɗaya, kuma wake ya sha rana kaɗan, kowa yana riƙe ɗan'uwansa. Mu mun yi shekaru muna gwada wannan. Wane ne ya koya maka?"

Ga inda na faɗi jarrabawa ta biyu. Na yi murmushi, na ce ai tunani ne kawai. Ban ce uwata ba ce. Daga nan labari ya bazu, aka zo daga ofis da motoci aka ɗauki hoto, ina tsaye a bakin rami da babbar riga. Makiyayan Gwagwalada suka zo koyo, suna cewa ramin Alhaji. Wasu suka sa harawar gyaɗa, ta yi. Ni kuma ina karɓar gaisuwa. Inna tana ji daga bukka, ko tari ba ta yi ba. Kowace kaka bayan nan ita ke tsayawa a kan hawa-hawan, ita ke taɓa harawa ta ce ta yi yaushin da ya isa ko a bar ta ta ƙara wuni. Ba ta taɓa kuskure ba, kuma har yau ban san yadda hannunta yake aunawa ba.

Baffa ya ƙara shekara shida a rugarsa. Ya rasu da hantsi, bayan an gama tatsa, yana jingine da turke, shanunsa suna tuƙa a gabansa. Ɗakin Lugbe bai kwana a ciki ba ko sau ɗaya. Wannan kyauta ce da aka yi masa, kuma ba ni na yi ba.

Saura abu ɗaya. Kuna iya tambaya ko na nemi gafararta. Na nema, amma sai bayan mako biyu da buɗe ramin, don girman kai ba ya sakin mutum da wuri. Na same ta da safe ta gama tatsar Wule. Na cire hula, na durƙusa a kan kashin shanu da farin yadina, na ce, "Inna, na yi miki rashin kunya. Ni ne jahilin. Ki yafe mini." Na zaci za ta gaya wa ƙwarya ta gaya mini. Sai ta tsiyaye nonon a ƙaramar ƙwarya, mai ɗumi, da kumfarsa. Na jira ta ajiye a ƙasa kamar kullum.

Ba ta ajiye ba. Ta miƙo mini, hannu da hannu, fuskarta tana kallon gefe. Ina da shekara arba'in da bakwai, kuma wannan ne karo na farko da na karɓi abinci daga hannun uwata. Na sha ina kuka, tana riƙe da gindin ƙwaryar don kada in zubar.

Kabiru, in an sake tambayarka, sunansa ramin Inna.